Furen Fiyoni: Abin da Ke Cikin Saiwarsa da Iyakar Amfaninsa

Fiyoni tsiro ne na ƙasashe masu sanyi, mai manyan furanni farare, jajaye ko ruwan hoda. A Turai da Amurka don ado ake shuka shi, amma a ƙasar Sin amfanin gona ne sosai. Manoman Bozhou da ke lardin Anhui suna noma nau'in Paeonia lactiflora saboda saiwarsa, su bar ta a ƙasa shekara 3 zuwa 4 kafin su tone. Heze da Luoyang kuwa sun yi suna da nau'in da ke zama ƙaramar bishiya, wanda ake ɓare ɓawon saiwarsa a shanya. A shekarar 2011 hukumomin Sin suka amince da man 'ya'yan fiyoni a matsayin abinci.

Idan aka jiƙa saiwar ko furen a ruwa ko a sinadarin ethanol, akan samu paeoniflorin da paeonol, sai kuma dangin tanin. Wannan na ƙarshen ba baƙo ba ne a wurinka. Shi ne ke sa bagaruwa ɗaure baki, da shi kuma majema ke jeme fata don kada ta ruɓe.

Aiki biyu ake yawan danganta wa jiƙon. Na farko shi ne rage ɓarnar da iskar oksijin ke yi, irin wadda ke sa man gyaɗa ya canza wari idan ya daɗe. Masana kan gwada hakan da wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH: in an zuba jiƙon ya koɗe zuwa rawaya, to yana aiki. Na biyu shi ne hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A faranti na ɗakin gwaje-gwaje an ga yana danne Staphylococcus aureus, wadda ke kawo maruru da ciwon hantsar shanu, da kuma wasu nau'o'in fumfuna. Irin su E. coli sun fi taurin kai, saboda suna da ƙarin rufi a jikinsu.

To a nan ne ya kamata ka buɗe ido. Faranti daban, cikin kaza daban. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a faranti yana iya narkewa a hanji kafin ya isa inda ciwon yake. Ƙarfin jiƙon ma yana canzawa da nau'in tsiron, da shekarun saiwar, da abin da aka jiƙa ta da shi. Saboda haka in an kawo wa ƙungiyarku wani gari ko ruwa mai hoton fiyoni, aka ce ya maye gurbin rigakafi ko maganin likitan dabbobi, kar ku saki kuɗinku. Ku duba lambar NAFDAC, ku nemi a faɗa muku adadin sinadarin da ke ciki. A sani kuma, tsiron kan sa kare da kyanwa amai da zawo idan suka ci, kuma ana lissafa shi cikin masu cutar da doki.

Zancen shukawa kuwa, fiyoni ba ya fure sai ya sha makonni cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Hunturun Kano ko Maraɗi bai kai nan ba, ko da wane taki ka zuba masa.