Daga Motar Kara Zuwa Motar Rimot

Kafin motar rimot ta iso Kano, mu yaran Panshekara da hannunmu muke ƙera tamu: jiki na kara ko gwangwanin madara, taya ta tsohon silifas. A 1976 kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot, amma irinta sai ɗan mai hali. Bayan tsarin SAP na 1986 masana'antun Chalawa, Sharaɗa da Bompai suka yi ta rufewa, iyaye suka rasa aiki, muka bar wasa muka kama neman abinci. Bana, da furfurata, na sayo 'yar Sin a kasuwar Sabon Gari. Ɗana ya fi ni iya tuƙa ta, amma ko taya ɗaya bai iya yankawa ba. Gobe za mu nemo kara.