Farfesa Charles Wambebe da binciken maganin amosanin jini

Amosanin jini, wanda ake kira sikila, ciwo ne na gado. Yaro yana iya samunsa idan uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, sai ya riƙa fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Ciwon ya yawaita a Nijar da Najeriya, kuma a kansa ne wani masanin ilimin magunguna, Farfesa Charles Wambebe, ya yi aikin da ya fitar da sunansa.

Wambebe ya sami digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1979, ya kuma koyar a can. Daga baya ya shugabanci cibiyar binciken magunguna ta Najeriya, NIPRD, da ke Abuja. A shekarun 1990 cibiyar ta ƙulla yarjejeniya da wani mai maganin gargajiya daga ƙasar Yarbawa, Paul Ogunyale, wanda ya bayyana musu haɗin da yake bai wa masu wannan ciwo. Abubuwa huɗu ne a ciki: masoro, kanumfari, ganyen karan dafi, da wani itace dangin madobiya. Uku daga cikinsu ba baƙi ba ne ga mai zuwa kasuwar Magariya ko ta Dungas. Karan dafin ma shi ne wanda ake rina fata ja da shi.

Sanin sunayen itatuwa ba shi ne wahalar aikin ba. Sai da aka tatso sinadaransu, aka daidaita awo domin kowace ƙwaya ta zo daidai da ƴar'uwarta, aka gwada a jikin dabbobi don a tabbatar ba guba. Bayan haka aka gwada a kan marasa lafiya 82. Kowannensu ya sha maganin na wani lokaci, ya kuma sha ƙwayar da ba magani cikinta na wani lokaci, ba tare da shi ko likitan sun san wacce ake ba shi ba. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwon mai tsanani. Maganin, mai suna Niprisan, ba ya raba mutum da sikila. Sauƙaƙa ta yake yi.

Abin yabo a nan shi ne an sa sunan Ogunyale cikin takardar mallakar fasaha da aka samu a Amurka a 1998. Sau da yawa akan karɓi sanin mai magani a manta da shi.

Sai dai sarrafa maganin ya sha tangarɗa. An bai wa kamfanin Xechem lasisi a 2002, ya fito da shi kasuwa da sunan Nicosan a 2006, amma kamfanin ya durƙushe, aka janye lasisin a 2009, masu sha suka rasa shi. A 2018 aka miƙa aikin ga kamfanin May & Baker.

Kada iyaye su ɗauki wannan bayani su haɗa masoro da kanumfari a gida su ɗura wa yaro, domin awon da aka gwada ba a samunsa a turmi. Yaron da hannuwansa ko ƙafafunsa ke kumbura da ciwo, ko idanunsa suka yi rawaya, a kai shi asibiti a auna jininsa.