Koya wa yaro zama kan fo: yaushe ake farawa, yaya ake yi, kuma ina ake kai kashin

Yau a fagen lafiyar iyali mun ɗauko maganar da kowane gida mai ƙaramin yaro ya san ta, amma ba a cika zama a tattauna ta ba don kunya, wato yadda ake raba yaro da yin kashi da fitsari a wando ko a tsakar gida. Wani zai ce ai wannan aikin mata ne, kuma yaro da kansa yake dainawa. To, maganar ta wuce wankin zane. A nan ne zawo da tsutsar ciki suke samun hanyar shiga gida, kuma a nan ne ake dukan yara da yawa a kan abin da ba laifinsu ba ne.

Abin da muka gada

Iyayenmu mata suna da dabara tun kafin zuwan fo na roba. Uwa ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jariri a kansu, ta riƙe shi tana yi mishi ƴar sautin "sss" har ya yi. Mai goyo kuma tana jin motsin ɗanta a baya, ta san lokacin da za ta sauke shi. Wannan dabara tana da kyau, tana rage wanki, tana kuma saba wa yaro da cewa akwai wuri da lokacin yin abin. Sai dai a wannan shekarun uwa ce take gane lokacin, jikin jariri bai iya riƙewa ba tukuna. Saboda haka in ɗan wata takwas ko goma ya ɓata miki zane, ba taurin kai ba ne.

Yaushe yaro yake shirye

Jijiyoyin da ke riƙe fitsari da kashi suna ƙwari sannu a hankali. Yawancin yara suna kaiwa ga iya riƙewa tsakanin wata 18 da shekara 3. Wani ya riga, wani ya makara, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kada a duba ɗan maƙwabta ko ɗan kishiya, a duba yaron kansa. Ga alamomin da ake lura da su:

Yana tafiya da ƙafarsa, yana iya tsugunawa ya tashi ba taimako.
Yana yin kamar awa 2 wandonsa a bushe, ko ya tashi daga barcin rana bai jiƙa shimfiɗa ba.
In zai yi kashi yana canja fuska, ko ya laɓe bayan ɗaki ko bayan randa.
In ya ɓata jikinsa abin yana damunsa, ya zo yana nuna miki.
Yana gane magana gajera, kamar "zo ka zauna" ko "ɗauko buta".
Yana bin yayyensa yana son yin yadda suke yi.

In an ga uku ko huɗu cikin waɗannan, ana iya farawa.

Lokacin da bai kamata a fara ba

Kada a haɗa wa yaro abu biyu masu nauyi. A wurinmu ana yaye wajen shekara 2, sau da yawa a kai yaro gidan kaka, kuma daidai nan ne ake son ya daina ɓata wando. An raba shi da nono, an raba shi da uwa, ga sabon horo: abin ya yi mishi yawa. A bari ya saba da yaye na ƴan makonni tukuna. Haka in an yi mishi ƙane, ko an yi ƙaura, ko yana fama da zawo ko zazzaɓin cizon sauro, a dakata sai ya warware.

Lokacin zafi ya fi sauƙin koyo, don yaro ba ya cikin tufafi masu yawa kuma wanki yana saurin bushewa. Da ɗari yara sun fi yawan fitsari, da damina kuma uwa tana gona, yaron yana hannun yayarsa. In dai a hannun yaya ko kaka yake yini, a nuna musu yadda ake yi don horon ya zama iri ɗaya.

Yadda ake yi

A samo fo mai gindi da faɗi wanda ba ya kifewa, ƙafafun yaro suna taka ƙasa in ya zauna. Wanda bai da halin saye, tsohuwar roba ko kwano da aka ware don wannan kawai ya isa, in dai bakinsa bai da kaifi. A ajiye shi wuri ɗaya, a inuwa, nesa da murhu da randar ruwan sha.

Kwanakin farko a bar yaro ya saba da shi, ya zauna ko da da wando ne. Daga nan a riƙa zaunar da shi a lokutan da ciki ya fi motsi: da ya tashi da safe, bayan ya sha koko ko ya ci abinci da kamar minti 15 zuwa 30, bayan barcin rana, da kuma kafin kwanciyar dare. Minti 3 zuwa 5 ya isa. In bai yi ba a ɗaga shi, ba faɗa, a sake gwadawa an jima. Barin yaro kan fo rabin awa yana kuka ba ya koya mishi komai sai ƙin fo ɗin.

In ya yi, a yaba mishi, a tafa mishi, a gaya wa babansa a gabansa. In ya kuskure a wando, a wanke shi, a ce "gobe a fo za ka yi", shi ke nan. A sa mishi wando mai roba wanda zai iya saɓulewa da kansa. A zaɓi kalma ɗaya ta fitsari, ɗaya ta kashi, kowa a gidan ya riƙa faɗin su. Ɗa namiji ma ya fara da zama, tsayuwa ko tsuguno irin na manya za su zo daga baya.

Wajen tsarki, ɗiya mace ana wanke ta daga gaba zuwa baya, don kada ƙazantar baya ta shiga mafitsara ta sa mata ciwon sanyi. Tun nan ake saba wa yaro tsarki da hannun hagu, da wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Wasu yaran cikin mako biyu sun kama, wasu sai wata uku ko fiye. Akwai kuma wanda zai kama sannan ya koma baya in wani abu ya tayar mishi da hankali. Duk wannan ba abin tsoro ba ne.

Duka ba ya gyara

Mun san gidajen da ake zane yaro da tsumagiya, ko a tara yaran unguwa su yi mishi waƙar tsiya, ko a tsorata shi da kwaɗo. Abin da ke biyo baya shi ne yaro ya fara ɓoyewa, ya riƙe kashi kwana biyu ko uku. Kashin ya bushe ya yi tauri, fitarsa ta yi zafi, wani sa'in har dubura ta tsage, sai yaron ya ƙara jin tsoron yi. Daga nan mai ruwa-ruwa ya riƙa zubowa a wando ba da saninsa ba, iyaye su ɗauka iskanci ne su ƙara duka. Ciki mai cike da busasshen kashi kuma yana danne mafitsara, ya jawo fitsarin kwance.

In kashin yaro yana tauri, a ƙara mishi ruwa, a ba shi gwanda, mangwaro, wake, miyar kuka da ganye irin su zogale da yakuwa. Kada a ɗura mishi ruwan sabulu ko barkono ta dubura, yana ƙona hanji. In abin ya ƙi, a tafi likita.

Kashin yaro ba ruwa ba ne

Nan ne muke son a tsaya da kyau. Da yawanmu mun taso da jin cewa kashin ƙaramin yaro bai da lahani, don haka a share shi a watsa bayan darni ko kan juji, ko a bar wa kaji. Masana lafiya sun nuna akasin haka: yara su suka fi yawan zawo da tsutsar ciki, don haka kashinsu yakan fi ɗauke da ƙwayoyin cuta. Kuma a tsakar gida yake, inda ƙanensa ke rarrafe yana kai hannu baki. Ƙuda ya sauka kansa ya tashi ya sauka kan fura. Ruwan sama ya kwashe shi ya kai rijiya ko tabki. Ta haka zawo, atuni, amai da gudawa, taifot da shan inna suke yawo daga gida zuwa gida. Yaron da zawo ya yi ta dawo mishi kuwa, ko yana ci jikinsa ba ya riƙe abinci, sai tamowa ta samu ƙofa.

Fiye da rabin mutanen Nijar har yanzu a fili suke bayan gida, galibi a karkara. Shi ya sa ake shirin nan na tsaftar gari da ake kira ATPC, inda mutanen gari da kansu suke yanke shawarar kowane gida ya gina salga. Bagaruwa a jihar Tawa ita ce ƙaramar hukumar farko da aka shaida ta bar bayan gida a fili. Amma ko gari ya cika da salga, in kashin yara yana ƙasa aikin bai kammala ba.

Ga yadda ya kamata. Da yaro ya gama, a juye fo cikin salga nan take, a ɗauraye shi da ruwa da sabulu ko toka, ruwan ɗaurayar ma a zuba a salga, a kife shi a rana. In ya yi a ƙasa, a kwashe da ƙasar wurin a kai salga. Gidan da babu salga, ko a gona, a tona rami kamar taƙi ɗaya a rufe da ƙasa, nesa da rijiya da hanyar ruwa. Ita ma salga ana so ta yi nisan mita 30 ko fiye da rijiya. Sannan uwa ta wanke hannuwanta biyu da sabulu, in babu da toka, kafin ta taɓa nono ko kwano.

Masu sa wa yara pampas, a juye abin da ke ciki a salga, a naɗe a binne ko a kai inda ake tara shara. Wanda aka jefar a titi yana toshe magudanar ruwa da damina, awaki kuma suna ci. Ga ƴan'uwanmu da ke Abijan, Legas, Akra, Libiya ko Aljeriya masu aiko da kuɗin pampas, muna tunatarwa: fo ɗaya, sabulu da murfin siminti na salga sun fi daɗewa suna amfani a gidan.

Daga fo zuwa salga

Yara da yawa suna tsoron salga, kuma suna da gaskiya: ga duhu, ga kyankyasai, ga rami mai faɗi. Kada a tura ɗan shekara 3 shi kaɗai. Babba ya raka shi ya riƙe mishi hannu, da dare a tafi da fitila. A duba bakin ramin ya zama ƙarami yadda ƙafar yaro ba za ta zurma ba, a riƙa rufe shi da murfi, salgar da itacenta ya ruɓe ko damina ta zaizaye a gyara ta kafin a kai yaro. A sa mishi takalmi, don akwai tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa. Yaron da za a sa ƙaramin aji na lakwal, yana da kyau ya iya wannan kafin shiga.

Fitsarin kwance

Riƙe fitsari da dare yana zuwa bayan na rana, wani lokaci da shekara ɗaya ko biyu. Kafin shekara 5 likitoci ba su ɗauke shi ciwo. A cikin yara 100 masu shekara 5, kusan 15 suna jiƙa shimfiɗa, maza sun fi yawa, kuma mafi yawansu suna dainawa da kansu. Abin yana bin jini: sau da yawa in aka bincika, uba ko uwa ko kawu ya yi. Yaron barci yake, bai san ya yi ba.

A ba shi ruwa isasshe da rana, musamman a zafin watan Afrilu da Mayu, kada a hana shi sha don tsoron fitsari. Abin da za a rage shi ne yawan sha dab da kwanciya, da shayi da lemun kwalba da yamma. Ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanensa, a ajiye fo kusa. Da safe a wanke shi kafin ya fita, kada wari ya sa a yi mishi dariya, kuma kada a fallasa shi gaban baƙi.

Yaushe za a tafi likita

A kai yaro gidan likita mafi kusa, CSI ko ƙaramar likitar ƙauye, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: yana kuka in zai yi fitsari, ko fitsarin yana wari ƙwarai ga zazzaɓi, akwai jini a fitsari, wanda sau da yawa tsargiya ce ga yaran da ke wanka a tabki, gulbi ko kogi, yana yawan shan ruwa da yawan fitsari yana kuma ramewa, don ciwon suga yana kama yara, ya yi wata 6 ba ya fitsarin kwance sannan ya dawo, ya kai shekara 4 bai iya riƙewa da rana ba, akwai jini a kashi, ko kwanaki ba kashi ga kumburin ciki. In zawo ne, a fara ba shi ruwan SRO a ci gaba da nono da abinci, likita kuma zai ba da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Maganin tsutsar ciki da ake rabawa tare da bitamin A, kada a bari ya wuce yaron da ya cika shekara ɗaya.

Kira ga maza

Maigida, gina salga da sayen fo da sabulu naka ne. In uwar tana girki yaro ya ce zai yi, ɗauko mishi fo bai rage maka komai ba, kuma ɗa namiji wurin ubansa yake koyon yadda ake shiga salga. Kakanni kuma, maganarku ake ji a gida: in kun hana duka, za a daina.

Duk ranar 15 ga Oktoba ake tunawa da wanke hannu a duniya, 19 ga Nuwamba kuma ranar salga. Mai tambaya a kan wannan magana ya tuntuɓi ma'aikatan lafiya na garinsu ko ungozoma. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba iyaye haƙuri, amin.