Abin da ya kamata a sani kafin a karɓi babban kare daga yankin Bagudo

A ƙasashe irin su Ingila akwai gidaje na musamman da ke tattara karnukan da suka rasa mai kula da su, su duba lafiyarsu, sannan su miƙa su ga masu buƙata. Gidan Battersea da ke Landan yana wannan aiki tun 1860. A Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi kuwa, kare hannu da hannu yake sauya gida: makiyayi ya sayar da garkensa, maharbi ya rasu, ko a yi wa ma'aikaci sauyin wurin aiki, sai karen ya koma neman mai riƙe shi. Ɗan kasuwar da ke son mai gadin shago ko gida zai iya dacewa da irin wannan kare, matuƙar ya bi wasu matakai tun daga ranar farko.

Amfanin babban kare

Kwikwiyo yakan ɗauki kusan shekara kafin ya yi gadin kirki. Babban kare kuwa halinsa ya riga ya bayyana, ana iya gane ko mai faɗa ne ko mai haƙuri da yara da awaki. Kare kan rayu shekara 10 zuwa 13, kuma daga shekara 7 likitocin dabbobi ke lissafa shi cikin masu manyanta. Haƙoransa na girma guda 42 suna kammala fitowa yana da kimanin wata 7. Bayan haka, dattin haƙori da cinyewar fiƙa da furfurar baki da dusashewar ido su ne ke nuna ya kwana biyu.

Ta fuskar addini, hadisi ya halatta ajiye kare domin kiwo da farauta da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, ya ajiye kare bayan katangar gidansa ta faɗi.

Haɗarin da ke tattare da iyaka

Bagudo ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma hanyar Tsamiya ta nufi garin Segbana da ke tsallake. Makiyaya da mafarauta da 'yan kasuwa suna kai da komo ta garuruwa irin su Illo da Lolo da Kaoje, karnuka na biye da su. Karen da aka samu a irin wannan wuri sau da yawa ba shi da takardar riga-kafi, ba kuma a san dabbobin da ya yi faɗa da su a daji ba.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. An ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kare ne ke jawo kusan kashi 99 cikin 100 na kamuwar mutane, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira.

Ƙwayar cutar tana iya ɓuya a jikin kare daga mako biyu har zuwa wata 6 ba tare da wata alama ba, kuma allura ba ta warkar da karen da cutar ta riga ta kama.

Matakan farko

Sai a fara da tambayar mai karen ko maƙwabtansa: ya taɓa cizon mutum, wani kare ya cije shi kwanan nan, yaushe aka yi masa allura? Idan daga Benin za a shigo da shi, a bi ta hukumar NAQS mai tantance dabbobi da amfanin gona a kan iyaka, tare da takardar likitan dabbobi.

Kafin ya shiga cikin iyali, a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar riga-kafi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar, kuma a Najeriya akan maimaita ta duk shekara. Daga nan a keɓe shi nesa da yara na tsawon lokacin da likita ya ƙayyade. Alamun da za a lura da su sun haɗa da sauyin hali, dalalar miyau, kasa haɗiya, cizon itace ko sarƙa, da shanyewar ƙafafu.

Idan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya ga tofi ko sassaƙe kaɗai. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likita maimakon a kashe shi a yar, domin halin da ya shiga a kwanakin zai taimaka wa masu jinyar.

Kulawa ta yau da kullum

Tsohon kare ba ya jure zafin rana, don haka yana buƙatar inuwa da ruwa a kowane lokaci. Ɗauri dare da rana yana ƙara masa faɗa da ciwon gaɓɓai. Idan haƙoransa sun cinye, a jiƙa masa tuwo da romo, a haɗa da kifi ko nama. Albasa da goro da cakulan da dafaffen ƙashin kaza suna cutar da shi, haka ma magungunan ciwon jiki na mutane. Yakan ɗauki makonni kafin ya saba da sabon gida, kuma ya fi saurin sakin jiki idan mutum ɗaya ne ke ba shi abinci a kan lokaci.

Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin allura da ciyarwa ba, gara ya bar karen ga wanda zai iya, domin sakin sa a titi bayan wata biyu haɗari ne ga 'ya'yan unguwa baki ɗaya.