Cin zarafin mata da sunan addini a kafafen sada zumunta

Cin zarafin mata da sunan addini ɗabi'a ce da ta yi ƙamari a Facebook da TikTok da X a shekarun baya-bayan nan, inda samari kan yi wa mace guda taron dangi saboda hotonta ko shigarta ko furucinta, suna kiran abin hani da mummuna.

A tsarin gidan Bahaushe, ikon kula da mace na uba ne ko waliyyi, sannan miji. Malamai na kafa hujja da Suratun Nisa'i, wadda ta haɗa wannan shugabanci da nauyin ciyarwa. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisbah a 2003, wani kaso na sa idon ya koma hannun gwamnati. Wayar hannu kuma ta miƙa shi ga duk mai data, ba tare da nauyin da ke biye da shi ba.

A Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, noma da kasuwanci irin na Kwanar Dangora ne madogarar jama'a, kuma idan aka kawar da amfanin gona samari da yawa kan tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas. A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, aure ne ke mayar da namiji maigida. Sai dai sadaki da lefe da muhalli sun yi wa talaka nisa, musamman bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Gwamnati ma ta san da matsalar: auren gata da aka fara a 2012 ya kai ga ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure a Oktoban 2023. Wanda bai samu shiga ba yana nan da sunan tuzuru, an rene shi a kan cewa shi shugaba ne, amma ba shi da gidan da zai shugabanta. Idan ya ga sa'arsa mace tana samun kuɗi da suna a TikTok, takaicin kan fito da rigar wa'azi. Ba kowane mai zagi ne talaka ba, domin akwai 'yan boko da ma'aikata a ciki, har da mata.

Misalan da suka fi fitowa fili a birni suka faru, amma waya kan kai su kowace majalisar ƙauye. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙa da mawaƙi ClassiQ. A Nuwamban 2020 ta wallafa hotunan da bayanta ke buɗe, wani ya yi kalaman ɓatanci a ƙarƙashinsu, amma ita aka fi yi wa ca har ta fito ta nemi afuwa. Shatu Garko ta sha irin wannan suka a Disamban 2021 da ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Nijeriya, duk da hijabin da ta sa. Mafi muni shi ne abin da ya biyo bayan gangamin #ArewaMeToo na Fabrairun 2019: matan da suka ba da labarin fyaɗe aka riƙa kira 'yan barandan Turawa, 'yan sanda kuma suka kama Maryam Awaisu a Kaduna.

A Amurka da Ingila ma akwai irin waɗannan samari, masu bin mutane irin su Andrew Tate. Bambancin shi ne a can fariyar dukiya da ƙarfi ake yi, a nan kuwa aya ake jawowa, wanda ya tanka kuma a ce addini yake ja da shi.

Addinin da ake fakewa da shi bai bar ƙofar a buɗe ba. Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga mai yi wa mace kamila ƙazafin zina ba tare da shaidu huɗu ba, Suratul Hujurat kuma ta hana izgili da bin diddigi da gulma. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan barazana ta intanet. Sai dai mace kan yi nauyin ƙafa wajen kai ƙara, domin dangi kan ga zuwa kotu ƙara tona asiri ne, su ce ta goge shafinta ta yi haƙuri.