Tantance Nau'in Kwaɗo a Tsakuren Bincike: Nazari kan Shiga Taron Xenopus na Duniya daga Afirka ta Yamma

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ake bukata a tsakuren binciken da za a aika wa taron masana na duniya kan kwaɗin Xenopus. An dogara ne da ayyukan da aka wallafa kan rabe-raben dangin, kundin gadonsa da matakan girman tayinsa. Nazarin ya nuna cewa tsakuren da bai fayyace nau'in kwaɗon, zuriyarsa, matakin girmansa da zafin ruwan da aka rene shi ba, ba ya samun karɓuwa a wurin masu tantancewa, komai kyan sakamakonsa. Matsalar ta fi shafar masu bincike a Nijeriya da maƙwabtanta, inda ake kamo kwaɗin a daji kuma sunayen nau'o'insu suka sauya a 2015.

1. Gabatarwa

Xenopus dangi ne na kwaɗin Afirka da ke rayuwa cikin ruwa kusan dukkan rayuwarsu. Jikinsu a baje yake, ba su da harshe, kuma suna da baƙaƙen farata a yatsun ƙafafun baya. Shigarsu ɗakunan gwaji ta faro ne daga aikin asibiti. A shekarun 1930, bayan aikin Lancelot Hogben da wasu masana a Afirka ta Kudu, aka gano cewa idan aka yi wa macen Xenopus laevis allurar fitsarin mace mai ciki, takan zubar da ƙwai cikin dare ɗaya. Da wannan gwajin ciki aka riƙa jigilar kwaɗin zuwa Turai da Amurka har shekarun 1960. Masu nazarin halitta suka ga ribar abin: dabba ce da za a sa ta yi ƙwai a kowane wata na shekara, ƙwan manya ne, kuma tayin yana girma a fili cikin faranti.

A 1962 John Gurdon ya ɗauko cibiyar ƙwayar halitta daga hanjin talibambam, ya dasa ta cikin ƙwan da aka kashe wa tasa cibiyar, ya samu sabon talibambam. Aikin ne ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2012 tare da Shinya Yamanaka. Peter Agre ma da ƙwan wannan kwaɗo ya tabbatar, a 1992, da furotin ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya ta bangon ƙwayar halitta.

Masu aiki da wannan dabba suna da taronsu na duniya da suka saba yi duk bayan shekara biyu. An yi na 2014 a Asilomar ta jihar Kalifoniya, na 2016 a tsibirin Kirit na Girka, na 2018 a birnin Seattle. Ƙofar shiga irin wannan taro ita ce tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da a galibin tarukan kimiyya ba ya wuce kalma 250 zuwa 300. Da shi kwamiti ke yanke wanda zai yi jawabi a zaure da wanda zai kafa fosta, kuma sau da yawa da shi ake raba tallafin tafiya ga ɗalibai. Tambayar wannan maƙala ita ce: me ya wajaba ya shiga waɗannan 'yan kalmomi, musamman idan marubucin yana aiki a yankin da kwaɗin suka fito?

2. Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce. An duba ayyukan da suka fitar da kundin gadon nau'o'i biyu da aka fi amfani da su, da waɗanda suka sake fasalin rabe-raben dangin, da jadawalin matakan girma na Nieuwkoop da Faber (1956), da ƙa'idojin ARRIVE na bayar da rahoton gwaji a kan dabbobi, waɗanda suka fito a 2010 aka sabunta su a 2020. Daga nan aka fitar da bayanan da mai tantancewa ba zai iya hukunci ba sai da su.

3. Wane kwaɗo ne?

Nau'i biyu ne suka mamaye ɗakunan gwaji, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. X. laevis na kudancin Afirka yana da kuromosom 36, domin asalinsa haɗuwar nau'o'i biyu ce da suka bar masa kundin gado ninki biyu. Session da abokan aikinsa (2016) sun raba waɗannan kashi biyu da harufan L da S, shi ya sa a rumbun bayanai na Xenbase ake liƙa wa sunan ƙwayar gado ɗaya daga cikin harufan. Wanda ya ce ya kashe aikin wata ƙwayar gado a X. laevis, bai faɗi ko ta L ce ko ta S ko duka biyun ba, ya bar mai karatu cikin duhu, don ɗayar na iya rufa wa ɗayar asiri. X. tropicalis kuwa, na dazukan Afirka ta Yamma daga Senegal zuwa Kamaru, kuromosom 20 ne gare shi, yana balaga cikin wata huɗu zuwa shida, alhali ɗan'uwansa kan ɗauki shekara ɗaya ko fiye. Saboda haka masu aikin gado suka fi karkata gare shi, musamman bayan da aka nuna a 2013 cewa fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR tana aiki a jikinsa.

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibin Nijeriya ya sani. Kundin gadon X. tropicalis da Hellsten da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2010, wanda shi ne na farko da aka fitar na wani kwaɗo, an samo shi ne daga mace ta zuriyar da ake kira ta Nijeriya. Wata sananniyar zuriyar kuma ta Kwaddibuwa ce. Waɗannan zuriyoyi an daɗe ana kiwon su a tankunan ƙasashen waje, kuma cibiyoyi irin ta Woods Hole a Amurka da ta Jami'ar Portsmouth a Ingila ne ke rarraba su. Don haka mai bincike a Turai yana iya rubuta sunan zuriya da cibiyar da ya saya a rabin layi, an gama.

Mai bincike a Zariya ko Jos ko Maiduguri ba shi da wannan sauƙin. Kwaɗonsa daga kududdufi ko madatsar ruwa ya fito, kuma littafin da ya tarar a ɗakin karatu wataƙila ya girmi gyaran da aka yi wa sunaye. Furman da abokan aikinsa (2015) sun nuna cewa abin da aka daɗe ana kira X. laevis a faɗin nahiyar nau'o'i ne daban-daban. Sun taƙaita sunan ga kwaɗin kudancin Afirka, na Nijeriya da Kamaru kuma suka faɗa ƙarƙashin X. poweri. A shekarar kuma Evans da abokan aikinsa suka bayyana sababbin nau'o'i shida, ciki har da X. fischbergi, wanda a da ake ɗauka reshen yamma ne na X. muelleri, kuma yana zaune a yankin ciyayi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da arewacin Nijeriya. Ma'anar wannan a fili take. Tsakuren da ya ce an kamo X. laevis a wani tafki na Arewa ya fara da kuskure a jimlarsa ta farko, kuma waɗanda za su karanta shi su ne mutanen da suka fi kowa saurin gane haka.

Duban ido kaɗai ba ya warware matsalar, domin nau'o'in suna kama da juna ƙwarai. Hanyar da aka saba bi ita ce karanta wani ɗan yanki na gado, galibi 16S, a gwama da na rumbun bayanai. Sai dai shi wannan yanki ta wajen uwa kawai ake gadonsa, a dangin da tarihinsa cike yake da haɗuwar nau'o'i, don haka ana ƙarfafa shi da ƙidayar kuromosom ko da ɗaukar kukan da namiji ke yi a ƙarƙashin ruwa. Wajibi ne tsakure ya faɗi da wacce hanya aka tantance, inda aka kama, da inda aka ajiye samfurin shaida. Jimla ɗaya ta isa. Idan ba a samu damar tantancewa ba, a rubuta sunan dangin kawai. Ya fi mutunci a kan cusa sunan da ba a tabbatar ba.

4. Mataki, zafi da ƙidaya

Jadawalin Nieuwkoop da Faber ya kasa girman kwaɗon zuwa matakai 66, daga ƙwan da aka bai wa maniyyi zuwa ƙaramin kwaɗon da wutsiyarsa ta ɓace. Da lambar mataki masana ke magana, ba da awa ko kwana ba, saboda saurin girman tayi yana bin zafin ruwa. X. laevis ya fi son ruwa mai sanyi, wajen digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyos, X. tropicalis kuma wajen 25. A ɗakin gwajin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, cikin watan Afrilu, tayin kwana biyu zai iya zarce na ɗakin da ke da na'urar sanyaya da matakai da yawa. Wanda ya rubuta "bayan awa 48" bai ambaci zafi ba, ya yi tuya ya manta da albasa.

Batun ƙidaya ma yana da tarko. Mace guda tana zubar da ɗaruruwan ƙwai ko dubbai a zama ɗaya, sai marubuci ya ga adadinsa ya yi yawa ya yi murna. Amma 'ya'yan uwa ɗaya da uba ɗaya ba shaidu masu zaman kansu ba ne. Abin da mai tantancewa ke nema shi ne iyaye nawa aka maimaita gwajin da su, da kuma rukunin da aka gwama sakamakon da shi.

5. Tattaunawa

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mai bincike daga yankinmu ba zai yi nasara ba ta hanyar gasa da manyan ɗakunan gwaji a fagen da kayan aiki ke yanke hukunci. Ƙarfinsa yana wurin abin da ba su da shi, wato kwaɗin daji a muhallinsu. Tambayoyi suna nan jibge. Tyrone Hayes da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2002 cewa atirazin yana dagula halittar jinsi a X. laevis, sakamakon da aka yi ta muhawara a kansa; wannan maganin ciyawa kuwa shi manoman masara ke fesawa, ruwan sama ya kwashe shi zuwa fadamun da 'yan'uwan kwaɗon ke ƙwai. Gwajin FETAX, wanda ke auna illar sinadari ga tayi cikin awa 96, ba ya bukatar na'urori masu tsada. Akwai kuma cutar fangas mai kashe kwaɗi a duniya: Weldon da abokan aikinsa (2004) sun danganta yaɗuwarta da fataucin Xenopus daga Afirka, amma binciken O'Hanlon da abokan aikinsa (2018) ya mayar da asalinta gabashin Asiya. Bayanai daga tafkunan Afirka ta Yamma suna da daraja a wannan muhawara. A Kamaru kuma X. longipes, mai kuromosom 108, ba ya rayuwa ko'ina sai a tafkin Oku, kuma yana cikin haɗarin ƙarewa.

Duk waɗannan batutuwa suna rushewa idan sunan kwaɗon kuskure ne, domin ba a san wa za a jingina wa sakamakon ba. Haka nan tsakuren da ya ƙare da alkawarin cewa za a tattauna sakamako a wurin taro da wuya ya kai marubucinsa zaure. A saka adadi guda mai nauyi tare da gwajin lissafin da ya tabbatar da shi. Idan kuma za a fitar da samfuri zuwa waje domin karanta gado, Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta sa neman izini da rubuta sharuɗɗan rabon amfani ya zama aikin da ake yi tun kafin a je bakin ruwa.

Muna kira ga sassan nazarin dabbobi na jami'o'inmu su sabunta jerin sunayen Xenopus da suke koyarwa bisa gyaran 2015, su tanadi wurin ajiye samfuran shaida, kuma kada mai duba aiki ya sa hannu a tsakuren ɗalibinsa sai ya ga nau'i, wurin kamu, mataki da zafin ruwa a rubuce.