Tantancewa

tantancewa (suna, mace, daga tantance) 1. Rarrabe mai kyau da marar kyau, kamar tsince tsakuwa daga cikin wake. 2. A jami'a: bitar ƙwaƙƙwafi da masana ke yi wa maƙalar ɗan'uwansu kafin mujalla ta buga ta. Edita kan cire sunan marubuci, ya aika wa masana biyu ko uku waɗanda shi ma marubucin bai san su ba, don kada sanayya ko tsohuwar gaba ta shiga. A binciken harkar koyarwa sukan tambaya: ɗalibai nawa aka gwada, yaya aka zaɓo su? Iyaye sun yarda? An sakaya sunayen yaran? Wanda ya gwada aji ɗaya a Zariya, ya yanke wa duk Arewa hukunci, nan ake kama shi. Hukuncin: a buga, a gyara, ko a mayar wa mai ita. Misali: Maƙalar Malam ta yi wata shida wajen tantancewa. Mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga cikin kwana uku ba tantancewa take yi ba, kasuwanci ne.